Farar Riga a Filin 'Yan Shuni

Ba tatsuniya zan ba ku ba. Ita tatsuniya sai an ci tuwo an rufe wuta ake yin ta. Wagga kuwa da rana tsaka ta faru, ido na ganin ido.

Bana ruwa ya yi mana sauka ɗaya a Tambuwal, mai kyau, har kwaɗi sunka yi kuka. Mutane sunka fita da iri sunka shuka. Daga nan sama ta kama bakinta. Gero ya tsiro kamar gashin jariri, ya tsaya, ya naɗe ganye. Kullum la'asar hadari shina haɗuwa ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, mata su kwashe shanya a guje, sai ya watse kamar an kira shi wani gari. Wanga irin hadari na san shi. Sau ɗaya na taɓa ganin shi, ina da goyon fari.

Ana cikin haka jikana ya shigo gida da leda a hannu. Sunan marigayi mai gidana ya ci, don haka Maigida nika ce mashi. 'Yan gari kuwa Dogo suke kiran shi, don sai ya duƙa shika shiga zaure. Shi ne kyaftin na 'yan ƙwallon kwandon garinmu, waɗanda kowa ya sani da 'Yan Shuni.

Ya ce, "Uwargida, rufe ido in nuna maki abin da ba ki taɓa saya mani ba."

Na ce, "In na rufe ido wa za ya tsare mani gorona? Buɗe mu gani."

Ya zaro riga ya warware ta gabana. Fara fat, ba ɗigo, sai rubutu mai ruwan zinari a ƙirji. Wai wani Alhaji mai kamfanin ruwan leda ya ɗauki nauyinsu. Ya zuba masu siminti a fili, ya kafa sabbin kwanduna, ya saya masu takalma. Abu ɗaya ya nema, su bar shuɗin da anka san su da shi su koma fari, launin kamfaninshi. Ran Asabar za su fara sa ta, wasansu da 'yan Kebbe.

Zafin da ake yi ran nan, ko ƙadangare ya nemi inuwa. Amma ni sanyi na ji ya bi mani baya.

Na ce, "Ba ka shiga filin nan da wagga riga."

Ya yi dariya. "Ke ma kin bi 'yan kasuwa? Tun safe suke zaginmu, wai mun sayar da gari don takalmi. Kaka, launi ne fa kawai."

"Zauna," na ce mashi.

Ga abin da na faɗa mashi, kamar yadda zan faɗa maku.

Waccan shekara ma ruwa sauka ɗaya ya yi. Anka shuka, ya ƙone. Anka sake shuka da ɗan irin da ya rage, shi ko tsirowa bai yi ba. Ni daga Kebbe anka kawo ni, ɗiyar marina ce ni, ubana da kakana hannuwansu ba su taɓa yin fari ba. Mai gidana ya tafi kudu neman abin da za a ci, ya bar ni da jinjiri, da surukata Inna, da ƙanen mijin nawa Bello.

Da asuba muke tafiya rijiya. Ba ɗiba ake yi ba, jira ake yi. A zura guga a zauna, ruwa ya tsattsafo kaɗan kaɗan, a jawo rabi ruwa rabi laka. In an dawo a share gindin rumbu, a sheƙe abin da anka samu, ƙasa ta fi hatsi yawa. Da rumbu ya ƙare munka koma dusa. Da dusa ta ƙare munka shiga daji, tafasa, yaɗiya, 'ya'yan aduwa, har anza, wadda sai an jiƙa ta an zubar, an sake jiƙawa an zubar, kafin ɗacinta ya bari a haɗiye. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, da yamma. Hanyar Fakku shanun Fulani sunka kwanta gefe gefe, ungulaye sun ƙoshi har ba su iya tashi in mutum ya wuce, sai dai su bi shi da ido.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shiru. Gari duka ba ƙarar turmi. Ku da kunka tashi cikin injin niƙa ba ku san wannan ba. Garin da ba a daka a cikinshi, in ka tsaya tsakar gida kana jin numfashinka.

Samari sunka dinga zamewa. Yau a ce ɗan wane ya bi mota, gobe a ce ɗan wance. Inna ta sa ma Bello ido, ko bayan gida ya daɗe sai ta tambaya.

Shi Bello makarantar kwana ta sallamo su don babu abin dafa masu. Ya dawo da wata ƙwallo babba mai kaushi kamar bayan kwaɗo. Ya samu bakin ƙarfen tayar keke ya kafe bisa azara a fegin da ke bayan unguwarmu, ya tara sauran samarin da ba su tafi ba. Ran da ƙwallon ta fara bugun ƙasa, Inna tana kwance, ta ɗaga kai.

"Wa ke daka?"

Na ce, "Ba daka ba ne, Inna, Bello ne da abin wasanshi."

Ta saurara, ta daɗe. Ta ce, "Ku bar shi. Ko ba komi ana jin wani abu na bugun ƙasa a garin ga."

Wurin rairayi ne, ƙwallo ba ta tashi. Mu mata munka yi masu daɓe. Ruwan jiƙon anza da ba ya shayuwa, kowane gida ya daina zubarwa, a kawo a yayyafa. Munka jeru da madaɓai, ciki ba komi, muna bugu, wadda jiri ya ɗiba ta koma gindin bango ta huta wata ta karɓa. Ba mu san dokar wasan ba. Mun dai ga yaron da ya yini yana jefa abu cikin ƙarfe, in ya dawo barci shika yi, ba ya zancen mota.

Sai saƙo ya zo daga wani malamin makaranta a Kebbe, su zo a yi wasa, za a ba baƙi tuwo. Tuwo! Amma sai da riguna iri ɗaya, don nasu yaran jajaye gare su. Ina za a samu riguna iri ɗaya a shekarar da mutane ke sayar da tabarmar da suke kwana bisa? Bello ya shigo ya zauna, ya ce shi dai ya gaji, in motar Juma'a ta zo za shi bi ta.

Washegari da hantsi Inna ta kira ni ɗakinta. "Ke ɗiyar marina, zo." Ta jawo akwatinta, ta ɗaga zannuwa, ta fiddo wani ƙunshi daga can ƙasa. Farin alawayyo ne, sabo, yana ƙamshin turare. Da kuɗin kaɗinta ta saye shi tun da ƙarfinta, ta ajiye ma ranar da za a naɗe ta.

Na ja baya. "Inna, wanga ai likkafaninki ne."

"Na san ko mine ne, ni na saye shi. Yanki biyar ne, su ma biyar ke shiga fili, na tambaya. Ni ban mutu ba tukuna, su kuwa suna shirin tafiya. Da wanda ya tafi kudu da wanda ya tafi kushewa, duk ɗaki wofi suke bari." Ta ɗora mani shi bisa hannu. "Rina shi. Ki rina shi har ya manta abin da anka saye shi domin shi. Kada ki bar fari ko kamar ƙwayar gero. Ba a ganin farin wanga ƙyalle bisa jikin mai rai."

Ina da ɗan shunin da na zo da shi daga gidanmu. Ruwa ne babu. Na bi gida gida da tulu, kowace ta ba ni ludayi ɗaya daga na shanta, ba wadda ta tambaye ni dalili sau biyu. Na tace toka, na haɗa a babbar tukunya bayan ɗaki, na rufe, kullum ina motsawa, har ta yi kumfa ta fara wanga wari da in ka tashi cikinshi ƙamshi ne gare ka. Wanda bai taɓa rini ba bai san abin ba: ƙyalle in ya fito daga baba, wato ruwan shunin, kore shika fitowa, kamar ganye. Sai ya sha iska, kana kallo, ya juye shuɗi da kanshi ba mai taɓa shi. Na tsoma, na shanya, na tsoma, na shanya, har ya yi duhu kamar hadarin da ke yaudararmu. Ko da haka tela sai da ya yi ta jan bisimilla kafin ya sa almakashi.

Na bi su Kebbe da sunan gaida gida, na leƙa ta saman darnin kara. An cinye su. Yunwa ba ta gudu da kowa. Amma zufa ta jiƙa sabon rini, shuni ya sauka bisa jikinsu, wuya, hamata, har tafin hannu, ƙwallon kanta ta yi shuɗi. 'Yan Kebbe sunka dinga ihu, "'Yan shuni! 'Yan shuni! Ku koma karofin rini!" Gori ne anka yi masu. Sunka ci tuwonsu, sunka ɗauko gorin sunka dawo da shi gida ya zama suna. Motar Juma'a ta zo ta tafi, ba wanda ya bi ta.

Rana ta ci gaba da abin da ta saba. Sauran fuɗun sukan tuɓe nasu su ajiye. Bello kuwa ba ya rabuwa da tashi, da ita shika yini, da ita shika kwana. Rana ta ci, zufa ta ci. Ta koma launin sama. Sannan bisa kafaɗu fari ya fara leƙowa. Tukunyata kuwa ta mutu, ba ruwa, ba sauran shuni.

Inna ta gani. "Bello, tuɓe rigar ga."

Ya dube ni yana dariya, don ba ya wuce ni bai tsokane ni ba. "Matarmu, ashe rininki na ganin ido ne? In yaya ya dawo sai na kai ƙara, an kawo mana ɗiyar marina ta jabu."

Na ce, "Kawo in ajiye maka har a samu ruwa."

"In sa mi? Fatata?"

Ya fita yana buga ƙwallonshi.

Wata rana da azahar ya dawo daga fili ya ce kanshi na sarawa, wuyanshi ba ya juyuwa. Ciwon zafi ne, ya ɗauki mutane da yawa a shekarar, ban ce maku wani abu ba. Bai kwana da yawa ba. Da masu wanka sunka tuɓe mashi rigar sunka miƙo ta waje, ni na karɓa. Gabanta da sauran shuɗi. Bayanta, daga wuya har ƙugu, fari fat kamar ran da ta fito daga akwati.

Anka nemi abin da za a naɗe shi, babu a gidan. Sai da maƙwabta sunka haɗa. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Nawa ya sa. Ya riga ni shiga." Ita ma ba ta ƙara kaka biyu a duniya ba.

Bayan an share makoki samari sunka ƙaurace ma filin. Ran nan na taso daga rijiya da rana tsaka, tulu bisa kai, goyo a baya, ba kowa a hanya, ko akuya. Ina zuwa daidai bangon da ya kare filin na ji bugun ƙwallo. Dum. Dum. Dum. A hankali, yadda Bello ke yi in yana tunanin ta inda za ya bi. Na ce a raina, to, wani ya dawo. Na zagayo bangon. Daɓe shimfiɗe, rana na rawa bisanshi, ba mutum, ba ƙwallo. Ganye ɗaya ba ya motsi a bisa itace. Amma ƙarfen da ke kan azara yana kaɗawa, kamar yanzu abu ya faɗa ta cikinshi.

Ban gudu ba, mai tulu ba ta gudu. Na yi ta karanta abin da na iya har gida. Ban faɗa ma kowa ba. Da yamma maƙwabciyata Kulu ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke, wa ke wasa da azahar kwanan nan?" Munka dubi juna.

Daga baya ruwa ya zo, a makare, ya ba mu ɗan wake da ɗan maiwa. Samarin fuɗu sunka zo ƙofar gida da rigunansu a hannu, sunka miƙo mani. Na tafi Kebbe na roƙo shuni wurin ubana, na tada tukunya. Ran da sunka koma fili da riguna masu duhu, ba a sake jin bugun azahar ba.

Tun daga nan, kowace shekara kafin wasan farko sai an kawo riguna an tsoma. Waɗancan rigunan na farko sun daɗe da mutuwa, anka koma saye a kasuwa, marina ma ta rufe. Amma launin bai gusa ba. Yau shi ne a ƙofar shagon mai shayi, shi ne a tankin 'yan kabu-kabu, jariri ma a kan ɗinka mashi 'yar hula da shi. In ka tambaye su dalili, su ce namu ne, da shi munka tashi. Gaskiyarsu. Waɗanda sunka san mafarin, ni ce da Kulu munka rage.

Maigida ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ya ce, "Allah ya jiƙansu. Amma Kaka, ajali ne."

"Na sani."

"Kuma wagga daga kamfani ta fito, ba daga akwatin kowa ba."

"Na sani."

"To mi ne ne?"

Na ce, "Filin ne bai sani ba."

Ya mayar da rigar cikin leda. Ya san halina, bai bar ta cikin gidan ba. Wurin mai wanki da guga na bakin tasha ya kai ta ajiya.

Kwanakin nan gari ya rabu. A majalisar mai shayi har an ɗaga benci. Wasu na cewa wanda ya zuba siminti shi ke da launi, wasu na cewa ko ƙwallon zinari ya kawo ba su zuwa kallon 'yan farin kaya kamar masu jinya. Ni dai na yi ta kallon gabas.

Ran Asabar na ɗauki sandata. Rabona da filin tun ina ganin zaren allura. Anka ba mu benci ni da Kulu a gaba. Jama'a ta cika, kusan kowa da shuɗi jikinshi, amma ba hayaniya, kamar ana jiran a fito da gawa. Hadari ya haɗu, iska ta tsaya cik. Alhaji na zaune ƙarƙashin rumfa da mutanenshi.

'Yan Kebbe sunka fito da jajayensu. Sannan namu, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, rigarshi ba fara ba ce. Launin sama ce da safe. Na biyu ta fi ta duhu. Na uku dabbare-dabbare, kamar an yi ɓarin tawada. Sabuwar riga ai sai an ɗauraye ta kafin a sa, kuma farin kaya a garin ga da bula, shuɗin garin nan na wanki, ake ɗauraye shi. Kowane yaro ya kai ma uwarshi ko matarshi, kowace kuma ta juye ƙullin bula duka cikin ruwa ta bar riga ta kwana. Ba su yi shawara ba. Na bincika daga baya, ba wadda ta san wata ta yi.

Fili ya ɗauki ihu. Alhaji ya miƙe ya ce, "Wane ne ya yi wanga aiki?" Wani daga baya ya ce, "Wanki ne, ranka ya daɗe!" Wata mata kusa da mu, uwar mai dabbare-dabbaren, ta ja mayafi ta ce, "Ni dai hannuna ne ya zarce." Kulu ta yi dariya har tari ya kama ta.

Ni ban yi ba. Kyaftin ke fitowa a ƙarshe.

Ya fito, dogo, ƙwallo a hannu, fari fat, guga ta kwanta. Shi kaɗai. Ihun ya mutu kamar an zuba ma wuta ruwa. Ya dubi abokanshi, ya dubi kanshi. Alƙali ya busa usur.

Ya yi wasa, ba a ce bai yi ba. Amma in mai shuɗi ya jefa ta shiga, gari ya tashi. In shi ya jefa, ba tafi ko ɗaya, sai ƙarar ƙwallo bisa siminti, dum, dum, ana jin ta har bakin hanya. Kulu ta kama mani hannu. Ba ta dube ni ba.

Can ya yi tsalle, wani ɗan Kebbe ya yi tsalle, sunka haɗu a sama. Ya faɗo da baya. Ya miƙe samɓal bisa simintin, ƙafafu a haɗe, hannuwa a gefe, fari daga wuya har ƙugu, bai motsa ba. Mata sunka ɗauki salati. Ban san na tashi ba, sai na gan ni tsaye ba sanda.

Ya buɗe ido. Ya juyo da kai, ni ya fara gani. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya tashi a hankali, ya ɗaga ma alƙali hannu, ya ratso fili har gabana, ya kama wuyan rigar ya zare ta ta kai.

"Uwargida, riƙe mani. In kin tashi wanki ki haɗa da ita."

Kafin in amsa wani ɗan kabu-kabu ya tuɓe tsohuwar shuɗiyar rigarshi ya jefo. Ta yi mashi kaɗan, cibiya waje. Fili ya fashe, "Dogo! Dogo!" Ya koma a guje.

Na zauna da rigar bisa cinya. Daga jikin mai gudu ta fito, cikin wanga zafi, jiƙe da zufa. Amma da na ɗora hannu, sanyi gare ta kamar an ciro ta daga gindin randa. Ban faɗa ma Kulu ba. Na danne ta da hannu biyu, ban saki ba har anka tashi.